Abin da Wayar Safara'u Ta Rubuta

Kwamfuta ɗaya a jakar baya. Caja biyu. Igiyar haɗa waya da kwamfuta, tsawonta mita ɗaya da rabi. Gorar ruwa. Takarda ɗaya a ninke gida huɗu, ba a sa mata hannu ba.

Kayan da Rabe ya fito da su daga Gumel ke nan ranar Talata da safe. Motar haya ta riga ta ci rabin hanyar Sule Tankarkar. Su huɗu ne a kujerar baya, jakar tana kan cinyarsa, gwiwar wani ɗan kasuwa tana zungurinsa duk sa'ad da suka faɗa rami. Kaka ce. An girbe gero, riɗi yana tsaye a gonaki dami-dami yana bushewa. Rabe bai kalli ko ɗaya ba.

Takardar ce dalilin tafiyar. Layi uku ne a cikinta. Cewa ta yi shi Rabe, wanda ya gina manhajar ƙungiyar masu kiwo, ya bincika ya tabbatar ba ta da matsala. Idan ya sa hannu, ranar Juma'a za a haɗa ta da wata takardar a miƙa wa Malama Safara'u, a ce ta dawo da wayar aiki ta zauna a gida.

Shekara shida Rabe ya yi yana karatu a Malesiya. Da ya dawo, Alhaji Ɗantsoho, aminin mahaifinsa kuma shugaban ƙungiyar, ya ba shi wannan aikin. Manhajar shafi ce ta intanet da ake buɗewa a waya. Ma'aikaciya za ta shiga gida, ta ƙirga awaki da tumakin matan gidan, ta ɗauki hoton turke, ta danna Aika. Koriyar alama ta fito. Bayanin ya tafi rumbun ƙungiya a Gumel, kuma da shi ake sanin yawan allurar rigakafin da za a kai kowane ƙauye. Mata tara ne ke aikin. Na Gumel da na Gagarawa bayanansu suna isowa cif. Safara'u ce aka bai wa ƙauyukan bakin iyaka, daga arewacin Sule Tankarkar har kusa da Maigatari. Daga shida cikin ƙauyukanta, wata biyu ba abin da ya iso. Ba a kai musu allura ba.

Ranar Litinin aka yi zama a ofis. Alhaji Ɗantsoho ya tambaye shi a gaban kowa, "Rabe, na'urar ce ko matar ce?"

Rabe ya juya kwamfutarsa ya nuna musu konsol. Wani ɗan allo ne da ke ɓoye a bayan kowane shafi na intanet, mai gyara ne kaɗai yake buɗe shi. Tun yana gina manhajar ya umarce ta, duk matakin da ta taka ta faɗe shi a can. Ya cika fom na gwaji, ya danna Aika, layuka suka gangaro: an karɓa, an tura, ya isa.

"Abin da aka aiko yana isowa," in ji shi. "Wanda bai iso ba, ba a aiko shi ba."

Aka rubuta maganar a bayanin taro. Safara'u tana ƙarshen benci da jakarta a ƙasa. Ta ce, "Na je. Na danna. Koren ya fito." Aka ci gaba da taro.

Ba tausayi ya fito da Rabe ba. Wani abu ne ya ƙi zama a kansa. Malalacin da ke son ɓoye lalacinsa yakan zauna a ɗaki ya ƙirƙiro awaki ya aiko. Ita ba ta aiko da komai ba, ko akuya ɗaya ta ƙarya. Shi ya sa ya ce wa Alhaji a ba shi kwana biyu.

A tashar Sule Tankarkar ya same su suna jiransa. Safara'u mace ce da ta haura arba'in, doguwa, ba ta da yawan magana. Mijinta Malam Barau tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, shi ne yake kai ta ƙauyuka a babur ɗinsa ya jira ta a waje. Shi yana da yawan magana.

"Injiniya, sannu da hanya," in ji Malam Barau. Ya dubi takalman Rabe masu igiya. "Da waɗannan za ka shiga yashi?"

"Da su, Malam."

"To Allah ya raya su."

Rabe ya ɗauki ɗan acaba ya bi bayansu. Kwalta ta ƙare, yashi ya fara. Sau biyu suka sauka suka tura. Wajen ƙarfe goma suka shiga Kukar Adda, ɗaya daga cikin ƙauyuka shidan. Tun kafin su tsaya Rabe ya ga abin. A gefen kowace ƙofa akwai rubutun alli: harafin S, da kwanan wata, da lamba. Wasu ruwan sama ya wanke rabinsu.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni," in ji Safara'u. "Don kar in shiga gida sau biyu."

"Me ya sa ba ki faɗa a taro ba?"

"Na faɗa wa mai kula da mu tun kafin taro. Ya ce alli a kowane shago ana sayarwa."

Suka tsaya a gidan Malam Sajo, dattijo mai farin gemu. Ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka kawo ruwa a kwano. Da aka gama gaisuwa aka faɗa masa ko wane ne baƙon, Malam Sajo ya dube shi da kyau.

"Kai ne mai allurar?"

"A'a, Baba. Ni ne mai wayar."

"Matata awaki huɗu ta rasa a watan jiya. Wannan baiwar Allah ta zo ta ƙirga su suna da rai." Ya nuna Safara'u da haɓa. Ya tura wa Rabe kwanon ruwa.

Rabe ya buɗe kwamfuta. Ya karɓi wayar Safara'u ya haɗa ta da igiya, don ta haka ne zai iya ganin konsol ɗin wayar a allonsa. Ya ce ta shiga ta ƙirgo ta ɗauko hoto, sannan ta dawo ta aika a gabansa. Ta yi hakan. Akuya bakwai, tunkiya biyu. Ta durƙusa a bakin tabarma, wayar tana kan cinyar Rabe a ɗaure da igiya, ta miƙa yatsa ta danna Aika. Koren ya fito. Rabe yana kallon konsol. An karɓa. An tura. Allon ya yi shiru na ɗan lokaci, layin wurin ba ƙarfi. Sannan: ya isa.

Suka je gida na biyu. Haka. Gida na uku. Haka.

"A gabanka kunya take ji," in ji Malam Barau. "Ɗalibaina ma haka suke in sufeto ya zo."

Rabe bai yi dariya ba. Gida uku ke nan sun shiga rumbu daga ƙauyen da wata biyu ba abin da ya fito daga cikinsa, kuma sun shiga ne ranar da aka zo duba ta. Ya san yadda za a karanta wannan a Gumel. Safara'u ma ta sani. Ta zare igiyar, ta shafa allon wayar da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa, ta jefa ta a jaka.

"Malama, haka kike yi kullum?"

"Haka nake yi."

"Ba wani bambanci?"

"Bambancin shi ne a ciki nake yi, a gaban matan. Sai sun ga koren da idonsu suke yarda an rubuta su." Ta gyara mayafinta. "In kana so ka gani, zo mu shiga."

Malam Sajo, da ya biyo su yana dogara sanda, ya yi gyaran murya. Rabe ɗan Gumel ne, ya san inda baƙo namiji yake tsayawa. Shi ya sa ma aka ɗauki mata aikin tun farko.

Ya dubi igiyar a hannunsa. Mita ɗaya da rabi. Daga zauren zuwa turken awaki akwai katanga biyu da tsakar gida.

"Ka ba ta kwamfutar ta shiga da ita mana," in ji Malam Barau.

"Ba za ta san abin da za ta duba ba."

"To ka koya mata."

"In tana kallon allo, ba za ta yi yadda take yi kullum ba. Yau ma abin da ya faru ke nan."

"Ashe dai kunyar ce," in ji Malam Barau.

Suka yi azahar a masallacin ƙauyen suka juyo. A hanya, yana bayan ɗan acaba, Rabe ya yi ta juya abin. Konsol magana ce ta baki. Tana fita, wanda ke wurin ya ji, wanda ba ya wurin bai ji ba, an rufe shafi ta tafi. Wata biyu manhajarsa tana magana a tsakar gidajen mutane, ba kowa a wurin da zai iya ji. Ko kuka take yi, bai sani ba. A makaranta sun yi darasin log, wato rubutaccen tarihin abin da manhaja ta yi, kowane mataki da lokacinsa, a ajiye inda ba ya gogewa. Ya ci jarrabawar. Da ya zo gina tasa, ya ga ƙaramin aiki ne, mata tara da awaki, ya bar shi sai wani lokaci.

Bayan la'asar ya zauna a wata rumfar cajin waya kusa da tasha, inda layi ke da ƙarfi. Mai rumfar ya ba shi benci da soket ɗaya. Ya bi manhajar wuri-wuri, duk inda ya ce ta faɗa a konsol, ya ce ta kuma rubuta a cikin wayar kanta, da awa da minti da daƙiƙa. Ya ƙara abin da bai taɓa tunanin tambaya ba: akwai layi ko babu, yaushe ya zo, yaushe ya tafi. Bai sa sunan mai gida ba, bai sa inda ma'aikaciya take tsaye ba. Abin da manhajar ta yi kawai. Da Turanci ya fara rubuta layukan, sannan ya goge ya mayar da su Hausa. Kafin magariba ya ɗora sabon aikin, ya kira Safara'u ya ce ta buɗe shafin sau ɗaya kafin ta kwanta. Ya kwana a gidan wani ɗan'uwan mahaifiyarsa.

Laraba suka koma Kukar Adda. Wannan karon bai buɗe jaka ba.

"Malama, shiga ki yi aikinki. Gida biyar. Ki manta da ni."

"Wannan ba wuya," in ji ta.

Suka zauna a zauren Malam Sajo, su uku. Aka kawo fura. Malam Barau ya tambaye shi ko gaskiya ne a Malesiya shinkafa ake ci safe da rana da dare, Rabe ya ce gaskiya ne.

"Shekara shida?"

"Shida."

"Shi ya sa ba ka dariya."

Malam Sajo ya tambaya ko can ma suna kiwon awaki. Rabe ya ce bai lura ba. Dattijon ya jinjina kai, kamar wanda aka tabbatar masa da abin da yake zargi.

Wajen awa ɗaya da rabi Safara'u ta dawo, hannunta da farin alli. Ta miƙa masa wayar. Rabe ya buɗe shafin, ya danna inda ya ɓoye log ɗin. Ya karanta na gidan farko.

10:14:02 layi ya zo
10:14:09 an danna Aika
10:14:09 an nuna kore
10:14:09 an fara turawa
10:14:12 layi ya yanke
10:14:12 saƙo bai tafi ba

Gida na biyu haka. Na uku, na huɗu, na biyar. Daƙiƙa uku, daƙiƙa huɗu, daƙiƙa biyu bayan koren, layi ya yanke. Duka biyar ba wanda ya tafi.

Ya daɗe yana kallon layi na biyu da na uku. Lokacinsu ɗaya. Koren ba ya jiran amsa daga Gumel. Ana dannawa yake fitowa. Shi ya rubuta shi haka da hannunsa, a ɗakinsa, inda hoto yake tafiya kafin mutum ya ɗaga yatsa. Idan turawa ta gaza, manhajar ta faɗi haka a konsol ta share fom ɗin ta jira gida na gaba.

"Malama, kina dannawa, sai ki yi me?"

"In nuna musu koren."

"Sannan?"

"In kashe data."

"Me ya sa?"

Malam Barau ne ya amsa, da muryar da yake yi wa 'yan aji biyu bayani. "Injiniya, ka ga waccan kukar? Bayanta Nijar ce. In ka bar data a buɗe a nan, waya ba ta san ƙasar da take ba. Ta kama layinmu, ta sake, ta kama rezon can, wato layin Nijar, ta sake. Kafin azahar caji ya mutu, kati ma ya bi shi. Kowa a nan buɗewa yake ya yi abin da zai yi ya rufe. Tambayi Malam Sajo."

"Ni tawa mai maɓalli ce," in ji Malam Sajo. "Amma 'ya'yana haka suke yi."

"Gida ashirin nake shiga a rana," in ji Safara'u. "Babu wuta a ƙauyen nan. In wayar ta mutu, wa zan gaya wa?" Ta dubi Rabe. "A horon da ka ba mu ka ce kore ya fito, an gama."

"Haka na ce."

"To."

Jiya wayar tana kan cinyarsa a ɗaure, ba ta samu ta kashe ba sai da ya gama kallo. Ya ma ga lokacin da ta shafa allon daga sama zuwa ƙasa. Ashe data take kashewa, bai tambaya ba. A ƙauyukanta na bakin kwalta layi yana da ƙarfi, daƙiƙa ukun sun isa, shi ya sa nasu suke isowa. Na Gumel da na Gagarawa ba su da iyaka a bayan gida, ba su taɓa kashe data ba.

Ya juya wayar ya miƙa mata. "Karanta."

Ta karanta a hankali, leɓunanta suna motsi. Ta kai ƙarshe ta koma farko.

"Wato na danna."

"Kin danna."

"An rubuta a nan na danna."

"An rubuta."

Ta miƙa wa mijinta. Malam Barau ya sa tabarau ya karanta shi ma, ya dawo da wayar, kuma wannan karon bai yi zolaya ba.

"Waɗanda na yi wata biyu fa?" in ji Safara'u. "Suna ciki?"

"Ba sa ciki. Ba a ajiye su ko'ina ba."

"Gida ɗari huɗu da wani abu ne."

"Sai an sake."

Ta dubi allin hannunta, ta goge a gefen zaninta. "To a sake. In ina nan."

Gyaran bai ci awa biyu ba. A rumfar cajin nan ya yi shi da yamma. Yanzu manhajar za ta ajiye kowane gida a cikin waya, ta nuna ruwan ɗorawa, wato yana jira. Duk lokacin da layi ya samu ta tura. Sai Gumel ta amsa sannan kore ya fito, sannan ta share. Log ɗin ma, in waya ta samu layi, ya bi bayanan ya tafi ofis. Safara'u ta gwada a tsakar gidanta, ta kashe data a tsakiya don mugunta, ta aiko Malam Barau ya ce masa ruwan ɗorawar yana nan bai gudu ba.

Alhamis da safe ya hau motar Gumel. Ranar kasuwar Maigatari ce, a shataletalen Gumel suka tsaya suna jiran manyan motoci su wuce. Ya sauka ya tsaya a wani shago ya buga log ɗin jiya a takarda, shafi ɗaya.

Ofishin ƙungiyar ɗaki biyu ne da baranda. A barandar akwai mai kula da ma'aikata da wasu mutum biyu suna shan shayi. Ƙofar Alhaji Ɗantsoho a buɗe take kamar kullum, saboda zafi. Rabe ya yi sallama ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi. Alhaji ya tambayi hanya, ya tambayi mahaifinsa da ciwon ƙafarsa, sannan ya nuna masa kujera.

Rabe ya ajiye shafin a kan tebur ya yi bayani. Bai tsawaita ba. Alhaji ya bi layukan da yatsa. Mutum ne da ya yi shekara talatin a aikin gona na gwamnati, takarda ba ta ba shi wahala.

"Wato da ba ta kashe ba, da ya tafi."

"Da ya tafi, Baba."

"To ai hannunta ne ya kashe."

"Bayan na ce mata an gama."

Alhaji ya jingina da kujera. Fanka tana juyawa a hankali, tana ɗaga gefen takardar.

"Ka gyara?"

"Na gyara jiya."

"Madalla. To an wuce wurin." Ya rage murya, ko da yake ƙofar tana buɗe. "Rabe, bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Masu ba mu allurar nan sun tambayi dalilin da ƙauye shida ba su samu ba. Tun ranar Litinin da yamma na amsa musu. Na ce sakacin ma'aikaciya ne, mun ɗauki mataki, takardar injiniyanmu tana tafe. Maganarka na rubuta, ba tawa ba."

"Tawa ce."

"Ka kuma san tun farko ba su so taka ba. Suna da tasu manhajar da suke bai wa kowa. Ni na tsaya na ce muna da ɗanmu da ya yi karatu, a bar mana shi. Suka ce to, amma ranar da ta ba da matsala za a cire ta. A rubuce yake." Ya buga yatsa a kan shafin. "Wannan in ya je hannunsu, an cire. Kai ka tafi, ni kuma na zama tsohon da ya ɗauko ɗan abokinsa."

Alhaji ya ci gaba.

"Ba zaluntarta za mu yi ba. Ta zauna wata uku, huɗu, a manta. Akwai aikin rabon iri yana zuwa, ni da kaina zan sa sunanta. Mijinta yana da fansho. Kai fa? Me kake da shi a garin nan in ban da wannan?"

Tambayar tana da amsa, kuma Rabe ya san ta. Shekara biyu da dawowarsa, wannan ne kaɗai aikin da ya yi wanda wani yake amfani da shi. Sauran suna cikin kwamfuta.

"A takardar tata me aka rubuta, Baba?"

Alhaji ya jawo aljihun tebur ya duba. "Rashin zuwa wurin aiki da ba da bayanin ƙarya."

"Kwafi zai je wurinsu?"

"Ƙa'ida ce."

"To sunanta zai zauna a wurinsu da wannan."

"Wa zai karanta? Takardu nawa suke samu?" Alhaji ya ajiye biro a gabansa. "Ina taka takardar? Kana da ita?"

Rabe ya ciro ta daga aljihun jaka. Ta yi laushi, yashi ya shiga ninkin. Ya buɗe ta ya shimfiɗa kusa da shafin log ɗin. Layi uku a hagu, layi talatin a dama. A baranda an daina motsa cokali a kofi.

Alhaji Ɗantsoho shi ya yanka ragon sunan Rabe. Shi ya kai shi filin jirgi a Kano ranar da zai tafi, da yake mahaifinsa ba ya iya doguwar tafiya. Ba mutumin da ake ce wa a'a ba ne a gaban masu shan shayi.

Rabe ya tashi ya je ya tura ƙofar har ta kama. Ya dawo, bai zauna a kujera ba, ya durƙusa a gefen tebur inda ya gaishe shi ɗazu.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba zan sa hannu ba. Gobe da safe zan tura musu wannan da sunana, in ce laifin manhajar ne."